Zartsin Kwana Tara

Ish Mukui mai ginin tukwane ce ta fara ganin gawar. Ruwan farko na shekarar ya ɗauke ke nan, rana ta karkata, ta ɗauko sababbin tukwane shida a kwando za ta kai wa tsoho Hucim a madafarsa ta gishiri da ke kan tudu. Ta same shi a kife gindin kwaminsa na shanya ruwan gishiri, ƙeya a fashe. Ihun da ta yi, mu da muke dawowa daga bakin teku mun ji shi tun jiragenmu ba su taɓa gaɓa ba.

A ranar, kifi ya shigo bakin tafki, duk mai ƙarfin jan raga a Saktab ya tafi kamu. A lokacin ni nake riƙe da sandar gari, don haka ni aka buɗa wa hanya na isa kan gawar. Abu biyu kowa ya gani. Ƙaramin gizagon Hucim na koren dutse, wanda ba ya rabuwa da wuyansa, babu shi. Sannan ga sawun takalmi raɗau a cikin laka, ya zo ya koma. Mu kuwa mutanen gishiri ba mu san takalmi ba, da ƙafar da aka haife mu muke mutuwa.

Mai takalmi ɗaya ne a garin. Kawic sunansa, mutumin duwatsu, ya sauko da wuƙaƙen baƙin dutse zai koma da kantun gishiri. Kwana uku kafin nan ya sa hannu ya ɗebi garwashi a murhun Hucim don ya kunna tabarsa. Wutar gishiri ba a ɗibarta, ba a gasa ko kifi a kanta, yaron goye ma ya san haka. Hucim ya sharara masa mari a gaban jama'a, aka yi ta dariya.

A cikin wani jirgi aka same shi yana minshari, yana warin giyar zuma. Takalmansa na bakin rumfar baƙi, laka ba ta bushe a jikinsu ba.

Tsul, ɗan mamacin, ya zo da mashin kifi. Sai da maza uku suka riƙe shi.

“Ku sake ni! Me kuma ake jira? Sai ya kashe wani?”

Na ce, “Ajiye mashin nan, Tsul. Sai gobe da yamma za a rufe ubanka. Kafin a tura ƙasa zan damƙa maka wanda ya yi, ka yi abin da al'ada ta ba ka. Amma ba yau ba.”

Aka ɗaure baƙon a turken rumfa. Na hana kowa taɓa komai a kan tudun in ban da gawar, na aika jirgi ƙetaren tafki a ɗauko Ukan mai bin sawu. Ba don ina shakka na aika ba. Ni ma a raina na riga na kashe baƙon. So nake in mutanen duwatsu sun zo tambaya in ce musu an bi hanya.

* * *

Da hantsi Ukan ya iso. Gajere ne, idonsa ɗaya ya yi fari, maharbin barewa ne da bai taɓa dafa gishiri ba, kuma ba ya gaisuwa mai tsawo.

Ya dubi tudun ya ce, “Mai sanda, garken aladun daji kuka koro ta nan?”

“Mutane ne suka zo ganin gawa.”

“Aladun sun fi su sanin inda za su taka.”

Gawar ya fara nema. Tana cikin gida, an shimfiɗe ta, ba a wanke ba. Ya duba ƙeyar, ya juya ta, ya goga yatsa a ƙirjin mamacin ya nuna mini. Ƙura ce, busasshiya, har cikin hanci.

“Kafin ruwa ya faɗi,” in ji shi. “Da bayan ruwa ne, laka za mu gani.”

Muka koma waje. Ya durƙusa kan sawun takalmin ya daɗe yana kallo da idonsa mai kyau.

“Wannan kuma bayan ruwa aka yi shi. Dubi bakinsa, ko ɗigo ɗaya bai faɗa ciki ba.”

Wani daga cikin masu kallo ya ce, “To ai shi ke nan. Ya kashe shi, ya gudu, ruwa ya ɗauke ya tuna da gizagon ya dawo ya ɗauka.”

“Yana yiwuwa,” in ji Ukan. “Takalmi dai ba ya faɗin ƙafar da ke cikinsa.”

Daga nan ya nufi kwamin. Tsohon jirgi ne aka ɗora kan turaku huɗu, kamar na kowace madafa, a ciki ake shanya zartsin da aka tace daga ƙasar gishiri har rana ta ƙarfafa shi ya isa dafuwa. Yana rufe da tabarmar kaba tun jiya, makoki ya sa ba wanda ya tuna ya buɗe. Ukan ya zagaya shi sau biyu. Ya shiga ƙarƙashinsa da rarrafe, ya daɗe yana ƙoƙarin wani abu, ya fito yana cusa hannu a jakarsa. Ya yaye tabarmar, ya bi bakin kwamin da ido, ya dangwala yatsa a ruwan ya lasa, ya yamutsa fuska.

“Kai! Wannan ai sai ya tsinke harshe.”

Na ce, “Na kwana tara ne. Shi ne na ƙarshe a bana, yau Hucim ya yi niyyar dafa shi.”

Ya sa ƙafa ya taɓa wasu duwatsu huɗu da ke tare a gindin turke. “Waɗannan fa?”

“Na danne tabarma ne, kada iska ta ɗauke.” Na ba shi amsa yadda ake ba wa wawa.

“To. A bar shi a buɗe ya sha rana. Ina baƙon naku?”

* * *

Kawic ya kwana a ɗaure, sauro ya yi masa kaca-kaca, leɓensa ya kumbura inda aka naushe shi. Ukan ya miƙa masa ƙwaryar kunun masara, ya zauna a gabansa.

“Ka ji zafin marin?”

“Kai da an mare ka a gaban mata, daɗi za ka ji?”

“Shi ya sa ka fasa masa kai?”

“Babana, ni ɗan dako ne. An mare ni a garuruwa sun fi goma. Da duk wanda ya mare ni ina kashe shi, da hanyar nan ba kowa a kanta.”

“Ina ka yini jiya?”

“Kowa ya tafi kifi, ni kuma ruwan nan naku mai motsi juya mini ciki yake yi. Na samu giya, na sha, na kwanta a jirgin da ke kan yashi. Ban farka ba sai da ƙafar wani a haƙarƙarina.”

“Takalmanka?”

“A bakin rumfa na bar su. Wa zai sace takalmi a garin da ba mai sawa?”

Ukan ya nuna tudu da haɓa. “Ka san abin da ke cikin jirgin can na kan turaku?”

“Ruwa. Na gani na yi shiru ne don ni baƙo ne. Ko'ina a duniya jirgi ake sakawa a ruwa, ku kun ɗora jirgi a sama kun zuba ruwa a cikinsa. In na koma gida na faɗa, cewa za a yi giya ce ba ta sake ni ba.” Sai muryarsa ta karye. “In dai zan koma. Ina da 'ya'ya uku, babana. Ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba.”

Da muka fito na ce, “Ya iya baki.”

“Ya iya,” in ji Ukan. “Wa kuma bai je kifi ba jiya?”

Na tsaya na lissafa. Ban ji daɗin lissafin ba.

* * *

Ish Mukui na zaune a ƙofar gidanta tana murza yumɓu, ɗanyun tukwane jere a rana. Ba ta ɗago ba.

“Na san za ku zo. Wadda ta ga gawa ai ita ce ta kashe, haka hankalin maza yake.”

“Iya, an ce kun yi faɗa da shi,” in ji Ukan.

“An ce? Ai har kifin teku ya ji. Tukwane tara suka fashe masa a wuta, ya zo nan ya ce hannuna ya tsufa. Na ce wutarsa ce ta yi yawa, don shi ba ya iya jiran komai. Ya ce zai koma wa matan bakin kogi. Na ce ya je, su ba shi kasko ya dafa.”

“Amma kika kai masa sababbi.”

“Shekara talatin muna wannan faɗan, ɗan nan. Yanzu da wa zan yi?” Ta share ido da bayan hannu, ta bar yumɓu a kumatunta. “In tambaya kake so, tambayi wanda ya fi kowa ihun a kashe baƙo. Rana tsaka na ga jirgin Tsul ya shigo shi kaɗai, kifi na can yana tsalle a raga.”

Kowa ya san Tsul ya ƙi gishiri ya bi teku, shekara biyu ba ya shiga inuwa ɗaya da ubansa.

A bayan gidan makoki muka same shi yana wasa mashi a dutse. Da Ukan ya faɗi abin da aka gani, ya miƙe tsaye.

“Tsohuwar nan ce ko? Ita da bakinta!”

Na ce, “Zauna. Ka zo ko ba ka zo ba?”

Ya daɗe kafin ya zauna. “Na zo, Kawu. Na kama wani babban kifi irin wanda yake so, na ce bari in kai masa ko ma daidaita. Ya karɓa. Bai gode ba, amma ya karɓa.”

“Me ya hana ka faɗa jiya?”

“In faɗa wa wa? Kowa ya san tsakaninmu. Kai ma yanzu dubi irin kallon da kake mini.”

Ukan ya ce, “Kwamin a buɗe yake ko a rufe da ka zo?”

“A buɗe mana. Rana na ƙwallawa. Baba kuwa ba ya rufewa sai ya ji ɗigon farko a ƙoƙon kansa, yana cewa kowace rana da aka hana zartsi sata ce.”

“Me ya hana shi zuwa kifi?”

“Cewa ya yi wani na kankare masa ƙasar gishiri ta bayan tudu, kwando-kwando. Ya ce ɓarawon zai ɗauka gari ba kowa yau, shi kuma zai laɓe ya ga ko wane ne. Na yi masa dariya, na ce wa zai saci ƙasa?” Ya sunkuyar da kai. “Maganata ta ƙarshe da shi ke nan.”

Ban yarda da shi ba. Wanda ya ɓoye abu ɗaya yana iya ɓoye biyu. Tun daga nan na fara duban kowa a garin ta gefen ido, su ma haka suke dubana. Matan da ke niƙa suka daina waƙa da muka wuce.

* * *

Saura mutum ɗaya, kuma sai da na ji kunya da zan faɗi sunansa. Sunansa Batun, abokin Hucim ne tun suna tsirara. Shi ya kwana da gawar, shi ya haƙa kabarin a tsakar ɗaki da hannunsa. Ya leƙa madafarsa ne a gurguje muka bi shi can.

Madafar Batun na ƙasa, can bakin ruwa. A ƙuruciyata madafu biyar ne a wajen, a kan busasshiyar ƙasa. Teku ya yi ta matsowa shekara da shekara, ya cinye huɗu, masu su suka kwashe suka koma bakin kogi, turakunsu kaɗai ke leƙowa daga ruwa. Batun ne ya ƙi tashi. Ya ɗaga murhunsa kan tarin fasassun tukwane, kwaminsa kuwa a cikin ruwa turakunsa suke, sai ya kutsa har gwiwa yake kaiwa gare shi. Iska ba ta hutawa a wajen.

Ya tarye mu da jajayen idanu. “Mai sanda, har ni?”

“Kowa ake tambaya, ɗan'uwa.”

“Tambayi. Itace na tafi sara a kurmi tun safe, ga shi can.” Ya nuna tarin ɗanyen itace. “Ruwa ya kama ni a can. Da na san abin da zai faru, da na yini a gindinsa.”

Ukan bai dubi itacen ba sosai. Ya ɗauki kantun gishiri ɗaya daga rumbu, ya ƙwanƙwasa, ya gutsura.

“Fari tas. Ashe ƙasar nan taka har yanzu da sauranta, duk da ruwan da ya hau ta.”

“Hannu ne, ba ƙasa ba,” in ji Batun.

“Haka ne. Sabuwar igiya ka yi?”

Batun ya dubi igiyar da ke naɗe a ƙugunsa, koriya shar, ba ta gama bushewa ba. “Tsohuwar ta tsinke. Kai sawu aka kira ka bi ko igiya?”

“Abin da na samu nake bi, Baba. Ka yi haƙuri da rashi.”

A hanya na ce wa Ukan, “Rana ta raba. Ka ba ni suna, ko in ba Tsul baƙon.”

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa kamar jiya. “Tara mini su a gindin kwamin Hucim, su huɗun, da duk mai son kallo. Kada kowa ya taɓa komai. Kai kuma in na yi ta surutu, kada ka katse ni.”

* * *

Garin duka ya hau tudun. Aka zaunar da Kawic a ɗaure jikin turken kwamin. Tsul na tsaye da mashinsa, Ish Mukui ta zauna kan kwando, Batun kuma Ukan da kansa ya ba shi wuri kusa da tabarmar da ke yashe a ƙasa, wai girmamawa ga abokin mamaci.

Ukan ya fara magana. Ban taɓa jin mutum ya ja zance haka ba. Ya faɗi marin, ya faɗi giyar, ya faɗi tukwane tara da suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan kifin Tsul har da tsawonsa. Mutane suka fara guna-guni. Iska ta juya, ta yi sanyi. Sama ta yi baƙi ƙirin. Ga zartsi a buɗe yana ƙyalli, ni kaina tafin hannuna ƙaiƙayi yake yi, amma na tuna abin da ya ce.

“Ka faɗi sunan mana!” in ji Tsul. “Baba na can yana jira!”

“Saura kaɗan. Na ce kifin nan, da ka kawo shi…”

Sai ruwa ya kece, ba ko ɗigon gargaɗi.

Abin da ya biyo baya bai kai numfashi biyar ba, amma har yau ina ganinsa. Ish Mukui ta zabura ta ce, “Wayyo, tukwanena!” ta juya fuskarta wajen gida. Kawic ya ɗaga kai ya buɗe baki yana tarar ruwa, ƙishi ya dame shi, zartsin na cika da ruwan sama a saman kansa, shi ko a jikinsa. Tsul ya yar da mashi ya yi kan duwatsun nan huɗu. Batun kuwa ya riga kowa. Ya fizgi tabarmar ya wurga ta kan kwamin, hannunsa ɗaya ya warware igiyar ƙugunsa, ya jefa ta sama, ya durƙusa ya cafko ta ta ƙarƙashin cikin jirgin, ya ja, ya fara ƙulli.

A tsakiyar ƙullin hannunsa ya tsaya.

Tsul na tsaye da dutse a kowane hannu, yana kallonsa. Ukan ya daina surutu. Ya sa hannu a jakarsa ya fito da wata tsohuwar igiya, baƙa, wadda gumi da gishiri suka ci, ya ɗaga ta a cikin ruwan kowa ya gani.

“Wannan na kwance yau da safe daga ƙarƙashin kwamin nan. Ƙullinta irin wanda ke hannunka ne, Baba. Ƙarasa shi mana, kada ruwa ya shiga.”

Batun bai motsa ba.

Ukan ya juyo wajenmu. “Jiya duk kun zo nan, kun ga takalmi, kun ga jini a ƙasa. Kun ga kwami a rufe ba wanda ya tambaya, don a wurinku kwami a rufe bayan ruwa kamar hanci ne a fuska. Ni ba ɗan gishiri ba ne, shi ya sa na tambaya. Hucim ya mutu kafin ruwa, kuma ɗansa ya ce ba ya rufewa sai ya ji ɗigo. Da na yaye tabarmar na ga jininsa ya fantsama a bakin kwamin ta ciki, ya bushe a ƙarƙashinta. A buɗe yake da aka buge shi. To wa ya rufe? Matacce?”

Ya nuna Kawic.

“Ga baƙonku, kun ga abin da ya yi da ruwa ya sauko. Shi bai ma san abin da ke ciki ba. Wanda ya kashe Hucim ya tsaya a kan gawar, hadari ya taso, ya ga zartsin kwana tara a buɗe, ya kasa tafiya. Ɗan gishiri ne. Kuma duwatsu na nan gabansa bai gan su ba, don a inda yake aiki ba a danne tabarma da dutse. Dutse faɗawa ruwa yake yi. Ɗaurewa ake yi. Madafa nawa ta rage a cikin ruwa, mai sanda?”

Na ce, “Ɗaya.”

Batun ya saki igiyar, ya zauna daɓas a cikin laka. Ba ni ya duba ba, Tsul ya duba.

“Ƙasata ta mutu shekara uku ke nan,” ya ce. “Teku ya wanke ta. Na roƙe shi ya yanka mini ko taku goma a bayan tudu, ya ce in koma bakin kogi in yi noma. Ni, noma. Sai na riƙa ɗiba. Jiya ya fito daga bayan itace ya ce, ashe kai ne. Bai zage ni ba. Dariya ya yi, ya ce zai tara gari ya nuna musu kwandona. Na biyo shi har nan ina ba shi haƙuri, bai ko waiwayo ba. Itacen kankare ƙasa na hannuna.”

“Takalmin fa?” na tambaye shi.

“Da ruwa ya ɗauke na tuna da marin. Na je na sa su, na zo na koma, na cire gizagon don a ce sata ce. Na danna shi cikin laka ƙarƙashin madafata.”

Ish Mukui ta tofar da yawu. “Ka kashe abokinka, ka ɗora wa bawan mutane, ka kwana kana kuka a kan gawa. Tir!”

Tsul ya zubar da duwatsun. “Ka fasa masa kai, sannan ka tsaya rufe masa ruwa?”

Batun ya dube shi kamar bai gane tambayar ba.

“Na kwana tara ne, ɗana,” ya ce. “Da ya lalace.”

* * *

Ni na kwance Kawic da hannuna. Igiyar ta ci masa fata. Na ba shi haƙuri a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, kuma ban ji na biya ba. Da ba don gajeren nan mai ido ɗaya ba, da yammar nan na miƙa shi ga mashi, na koma gida na ci tuwona da daɗi.

Na damƙa wa Tsul Batun kamar yadda na yi alkawari. Ya ɗauki mashin, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ce, “Ni ban iya dafa gishiri ba. Na ƙi koya. Ruwan Baba na ƙarshe ba zai zube ba. Ya dafa shi tukuna.”

Aka rufe Hucim da masara a bakinsa, kamar yadda al'adarmu take. Washegari Batun ya jera tukwanen Ish Mukui shida a murhun mutumin da ya kashe, ya yini yana zuba zartsi kaɗan-kaɗan yana gyara wuta. Ko ɗaya ba ta fashe ba. Da aka fasa su don ciro gishirin, kantu shida suka fito, ban taɓa ganin masu fari irinsu ba. Ba gidan da ya yarda ya sa ko ƙwaya a miya.

Tsul ya ba Kawic su duka, ya haɗa masa da wanda zai ɗauka. Haka Batun ya bar Saktab, bawa, da igiyar dako a goshi, yana bin bayan mutumin duwatsu. Kawic ya rataya takalmansa a wuya, ya ce ba zai ƙara sa su ba sai ya daina jin warin teku.

Gizagon ba wanda ya je tonowa. Bayan damina biyu ruwa ya rufe madafar Batun har murhu. Yanzu kuma ya fara lasar gindin tudun Hucim, jikokina da ke dafuwa a can sun daina neman duwatsu. Kowannensu da igiya a ƙugu.